Lalitar Ƙarfe da Tafintanta

Bayan girbin waken bara, wani dattijo daga wani ƙauye da ke tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri ya yi sallama a ƙofar gidana a Dogon Dutsi, ɗansa na biye da shi. Ɗan na san shi sarai, don ni na koya masa haɗa baƙi shekaru goma sha biyar da suka wuce. Yanzu ya zama ɗan kasuwa, yana kai-kawo tsakanin nan da Kangiwa da Birnin Kebbi. Da aka sha ruwa aka gama gaisuwa, dattijon ya dube shi ya ce, "Fiddo ta Mushe ya gani." Yaron ya zaro wata ƴar aba baƙa daga aljihu, ba ta kai akwatin ashana ba, da ɗan allo a fuskarta da maɓallai biyu.

"Mushe," in ji dattijon, "na sayar da shanu biyu da buhunan wake na ba shi ya juya. Yanzu ya ce kuɗin sun koma na iska, kuma wai a cikin wannan abin zai zuba su don kada a sace. Ni ban yi masa gardama ba, amma ina so wanda ya koya masa karatu ya duba mini."

Abin da ya ƙara kawo su wurina shi ne ina da kwamfuta. Yaron ya sayi kuɗin kirifto ta wayarsa, suna ajiye a hannun wani kamfanin canji na intanet, ya kuma sayo na'urar ta hannun wani abokinsa. Saura a haɗa ta da shafin intanet a kwaso kuɗin. Muka soka igiyarta a kwamfuta, muka buɗe burauza, shafin ya ce bai ga komai ba, sai mun sauke wata manhaja da za ta haɗa su. Muka nemi manhajar, muka danna sakamakon farko da ya fito. Shafi tsaf, da tambarin kamfani da komai. Sai ya ce mu rubuta kalmomin sirri 24 na na'urar, wai don tabbatarwa. Yaron har ya warware takardarsa ya karanto mini kalmar farko. Ɗabi'ar malamin makaranta ce kawai ta tsayar da hannuna, wato a karanta umarni kafin a amsa tambaya: ƴar takardar da ta zo cikin kwalin na'urar ta ce kada a taɓa rubuta kalmomin nan a waya ko a kwamfuta, ko wane ne ya nema. Na rufe shafin, na ce su ba ni mako biyu.

Cikin makwannin nan na bi tarihin wannan manhaja da ke haɗa na'ura da burauza, kuma duk inda na juya sai in ga fuskar wani mutum da kakanninmu suka sani ƙwarai, wato tafinta. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa ƴan uwana malamai da iyayen yara labarin tun daga tushe.

Ɗalibaina kan yi dariya in na ce musu "kuɗi" jam'i ne, tilonsa "wuri". Wurin nan kuma ba a Dallol Mawri ake samunsa ba. Ƙwanson wata ƴar halittar ruwa ne daga tsibiran Maldif na tekun Indiya, da ya ratso duniya a jiragen ruwa da bayan raƙuma da jakuna har ya zama abin sayen hatsi a ƙasar Hausa. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Wuri 20,000 shi ne jika, kaya guda na ɗauka a ka. Dalar da ta fi yin suna a wajenmu kuwa ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa, wadda ko yaushe aka buga ta shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta. Da Faransawa suka kawo tasu azurfar ta tamma biyar, mutane suka ɗora mata tsohon suna. Ga dalilin da ya sa har gobe yaron da ya iya lissafin kasuwa kamar ruwa yake rikicewa a aji: a allo 100 ne, a bakin mai ƙosai dala ashirin, a allo 1,000, a kasuwa jika guda. Muna ƙirga sefa da bakin wuri da azurfar da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba.

A wancan zamani ajiya ba ta da wuya. Mai hali ya binne tukunya a ƙuryar ɗaki, ko ya mai da dukiyarsa hatsi a rumbu, ko shanu a hannun Bafillace. Wuyar tana ranar da za a fitar da dukiyar a kai ta kasuwa. Ranar ce ake bukatar mai ƙirga da ke jan wuri biyar-biyar a kan tabarma, da dillali, da fatoman da baƙo ke sauka gidansa a Jega ko Sakkwato ya damƙa masa kayansa da amanarsa. In an yi asara, galibi a tsakanin tukunya da kasuwa ake yin ta. Sai fa in kuɗin ne da kansu suka mutu, kamar yadda ya faru da wuri: tun tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar har darajarsa ta zube, daga baya Turawan mulki suka ce haraji sai da kuɗinsu. Mai tukunya ya wayi gari abin da ya binne ya koma kayan ado da na ƴan bori.

Zuwan Turawan nan a wajenmu ba da sallama aka yi shi ba. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A shekarun nan ne kuma Ingila da Faransa suka yi ta jan layi a taswira, a 1898 da 1904 da 1906, har ƙasar Arewa ta tsage biyu, mu a nan, ƴan uwanmu na Kangiwa a can. Dangi ɗaya, kuɗi iri biyu: sule da fam a wancan ɓangare, tamma da dala a wannan. Daga nan ɗan canji ya samu sana'a, daga nan kuma tafinta ya zama sarki marar rawani. Kwamanda ba ya jin Hausa, sarki da talakawansa ba sa jin Faransanci, duk maganar haraji da tara da aikin tilas ta bakin mutum ɗaya take wucewa. In ya ce goma aka ce alhali biyar aka ce, wa zai ƙaryata shi? Malaman da suka karanta littafin Amadu Hampate Ba a kan Wangrin, wanda ya fito a 1973, sun san irin dukiyar da mutum ke iya tarawa daga tsayuwa tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna.

Sauran tarihin ko mun gani da idonmu ko iyayenmu sun gani. An ƙirƙiro sefa ran 26 ga Disamba 1945. A Janairun 1994, ina ɗan kwaleji, aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, kuɗin littafi da na magani suka yi tsalle. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwannin ƙetaren iyaka, daga baya nairar ta faɗi warwas. A ƙarshen Yulin shekarar takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, mai kuɗi a banki ya koma wuni a layi don ya ciri kaɗan daga nasa, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Saurayin da rabin jarinsa naira ne rabi sefa, ya ga wannan duka cikin shekara guda, bai kamata mu yi mamaki ba in ya saurari wanda ya ce masa akwai kuɗin da ba ruwansu da gwamnati ko banki.

Waɗannan kuɗi sun samo asali ne a ƙarshen Oktoban 2008, lokacin da wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takarda mai shafi tara yana bayanin Bitcoin, aka kuma kunna tsarin ran 3 ga Janairu 2009. Abin da ya kamata iyaye su fara fahimta shi ne babu wasu kuɗi da ke zaune cikin waya ko cikin na'ura. Akwai babban kundi guda wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa, a ciki an rubuta adireshi kaza yana da kaza. Abin da mutum ya mallaka shi ne makullin sirri, wata doguwar lamba da yake sa hannu da ita ya ce a cire daga adireshina a kai wancan. Wanda ya riƙe makullin shi ke da dukiyar. In kuwa an aika, an aika. Babu ofishin da za ka je ka yi kuka, babu mai gari, babu alƙalin da zai ce wa kundin ya mayar.

Da farko mutane a kwamfutocinsu suke ajiye makulli, ɓarayi suka riƙa kwashewa ta hanyar muguwar manhaja. Wasu suka gwammace su bar dukiyarsu a hannun kamfanonin canji, har sai da Mt. Gox na birnin Tokyo, wanda ya fi kowanne girma a lokacin, ya rufe ƙofa a Fabrairun 2014, aka nemi Bitcoin kusan 850,000 aka rasa. A wannan shekarar ce wani ƙaramin kamfani na birnin Prag a ƙasar Cek, SatoshiLabs, wanda Marek Palatinus da Pavol Rusnak suka kafa, ya fara sayar da na'urar da ya kira Trezor. Sunan ya ba ni dariya, don duk ma'aikacin gwamnati a Nijar ya san wani Trezor ɗin da yake jiran labarinsa a ƙarshen wata. A harshensu ma'anarsa akwatin ƙarfe na ajiyar dukiya. A shekarar dai aka kafa kamfanin Ledger a Faransa. Dabarar ɗaya ce: a haifi makulli a cikin ƴar na'ura, ya rayu a cikinta, kada ya taɓa fitowa. Don kada faɗuwar na'ura a rijiya ta zama faɗuwar dukiya, sai ta ba mai ita kalmomi 12 ko 24, waɗanda take zaɓowa daga jerin kalmomi 2,048, ya rubuta a takarda da hannunsa. Kalmomin nan su ne makullin cikin wata siffa. Duk wanda ya same su a jere ba ya bukatar na'urarka. Ni lalitar ƙarfe nake kiran wannan na'ura, ko da yake wasunsu na roba ne.

To, a nan tafinta ya shigo. Lalitar ƙarfe kurma ce da gangan: ba ta da intanet, ba ta san hanyar kasuwa ba. Kasuwar kuwa, wato shafukan da ake saye da sayarwa da aikawa, a cikin burauza take, Chrome ko Firefox ko makamantansu. Shi kuma burauza an gina shi ne kamar zauren gida. Duk shafin da ka buɗe baƙo ne, an yarda ya zauna a zaure ya yi magana, amma ba a yarda ya ƙetare zuwa cikin gida ya taɓa abin da ke jone da kwamfuta ba. Ba don wannan katanga ba, da kowane shafin banza ya yashe ka. Saboda haka ga mai makulli a cikin gida, ga ɗan kasuwa a zaure, dole a samu wanda zai riƙa kai magana yana dawo da amsa.

Ga yadda cinikin ke tafiya in komai lafiya. Shafi ya tsara takarda cewa a aika kaza zuwa adireshi kaza. Manhajar tsakani ta kai wa na'ura ta igiya. Na'ura ta nuna adadin da adireshin a ɗan allonta. Mai ita ya karanta, ya danna maɓalli da yatsansa. Na'ura ta sa hannu a cikin cikinta, ta miƙo sa hannun kaɗai, manhaja ta mayar wa shafi, shafi ya watsa wa masu riƙe da kundi. Makulli bai leƙo waje ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan sauya wannan ɗan aike da aka yi cikin shekara goma. Na farko wani ƙari ne da ake cusawa cikin burauza, bisa wata tsohuwar dabara ta kamfanin Netscape tun shekarun 1990. Dabarar tana ba baƙo damar shiga har ƙuryar gida, don haka Chrome ya toshe ta a Satumban 2015, Firefox ya bi sahu a Maris 2017. Aka koma ga ƙananan manhajojin da ke zaune cikin Chrome, Ledger ya gina harkarsa a kansu, sai ga Google a Agustan 2016 ya ba da sanarwar zai daina su a kwamfutocin jama'a. Wannan ya kai Ledger ga fitar da manhajarsa mai zaman kanta, Ledger Live, a Yulin 2018. Shi kuwa Trezor ya bi wata hanya da ya kira Trezor Bridge, ma'ana gada. Ƴar manhaja ce da ba ta da fuska, ba ka ganinta, tana zaune shiru cikin kwamfuta tana saurare a wata ƙofa ta cikin gida mai lamba 21325. In shafin kamfanin ya ƙwanƙwasa, ta karɓi saƙo ta kai wa na'ura. In baƙon shafi ne, ba ta amsawa.

A Satumban 2017 Google ya shigo da WebUSB cikin Chrome, wato burauza da kansa ya tambaye ka ko ka yarda wannan shafi ya yi magana da wannan na'ura, ba sai da wata gada ba. A 2021 ya ƙara wata ƙofa makamanciyarta, WebHID. Amma masu Firefox da masu Safari na Apple suka ƙi, suka ce ƙofar ta yi faɗi, baƙo na iya cutar da mai gida ta nan. Shi ya sa malamai biyu za su iya riƙe na'ura iri ɗaya, ta ɗaya ta haɗu nan take, ta ɗayan a ce masa sai ya sauke gada. A 2021 ɗin Trezor ma ya fitar da babbar manhajarsa, Trezor Suite, daga baya ya haɗe gadar a cikinta, ya ce a cire tsohuwar.

Kowane sauyi cikin waɗannan yana da hujjarsa, ba na musu. Amma a matsayina na wanda ya san yadda maimaici ke zama ɗabi'a, ga abin da na gani: shekara goma ana koya wa masu na'ura cewa abu ne na yau da kullum shafi ya ce maka tsohon ɗan aike ya yi ritaya, sauke sabo. Ɓarawo bai bukaci ya fasa ƙarfe ba. Ya isa ya sa rigar sabon ɗan aike ya tsaya a bakin zaure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan take.

A Afrilun 2020 Google ya cire ƙare-ƙaren jabu 49 daga kantin Chrome, waɗanda suka yi shigar Ledger da Trezor da MetaMask da wasunsu, aikinsu kawai su nemi kalmomin sirri. A Maris 2021 jaridar Washington Post ta kawo labarin wani mutum da ya sauke manhajar Trezor ta jabu daga kantin Apple, a lokacin da kamfanin ba shi da manhajar iPhone ko ɗaya, ya rubuta kalmominsa, Bitcoin 17.1 suka tafi. A 2020 aka kutsa cikin rajistar cinikin Ledger, adireshin imel kusan miliyan ɗaya da sunaye da adireshin gida na mutum kimanin 270,000 suka bazu. A shekarar da ta biyo baya wasu suka riƙa samun na'urorin jabu ta gidan waya, cikin kwali mai kyau, da wasiƙar da ke cewa a maye gurbin tsohuwar. Duk waɗannan tafintocin ƙarya ne, kuma maganinsu ɗaya, wanda ƴar takardar cikin kwali ta faɗa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne in tafintan gaskiya ne aka shiga jikinsa. Ran 14 ga Disamba 2023 wasu suka yaudari wani tsohon ma'aikacin Ledger, suka samu damar sauya Ledger Connect Kit, manhajar da shafuka da yawa ke amfani da ita don magana da lalitar mutane. Cikin ƴan sa'o'i, shafukan gaskiya, masu adireshin gaskiya, suka riƙa miƙa wa mutane takardar da ke kai dukiyarsu aljihun ɓarawo. An yi asarar kimanin dalar Amurka 600,000, wajen sefa miliyan 360. Babu wanda aka tambaya kalmominsa. Masu dukiyar da yatsunsu suka danna maɓalli, saboda abin da ɗan allon ya nuna musu tarin lambobi ne da ba sa iya karantawa, suka dogara da abin da babban allon kwamfuta ya faɗa. Masu harkar suna kiran wannan sa hannun makaho.

Kada a ce jahilci ne na ƙananan mutane. Ran 21 ga Fabrairu 2025 irin wannan ta faɗa wa Bybit, ɗaya daga manyan kamfanonin canjin kirifto na duniya, mai mazauni a Dubai. Manyan jami'ansa, kowa da na'urarsa, suka sa hannu a kan abin da suka ɗauka ɗebo kuɗi ne daga wannan asusu nasu zuwa wancan. Ashe an riga an gurɓata shafin Safe da suke kallo, yana nuna musu abu ɗaya yana miƙa wa na'urorinsu wani. Kimanin dalar Amurka biliyan 1.5 suka salwanta, sama da sefa biliyan 900, abin da ya doshi kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin ƙasarmu na shekarar. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. A duk labaran nan ba a fasa lalitar ƙarfe ko guda ba. Kwamanda ya ce biyar, tafinta ya ce goma, sarki ya ɗora hannu.

Bambancin da ke tsakaninmu da kakanninmu shi ne ɗan allon nan. Masu ƙera na'urar sun san ba a amince wa ɗan aike, shi ya sa suka ba ta bakin kanta. Amma bakin yana amfani ne ga wanda zai tsaya ya karanta, kuma a nan abin ya dawo kanmu, mu malamai. Adireshin Ethereum haruffa da lambobi 42 ne a jere, babu ma'ana, babu wasali da za ka kama. Adireshin shafin jabu sau da yawa harafi ɗaya ne ya raba shi da na gaskiya. Kalmomin sirri a yawancin na'urori na Ingilishi ne. Akwai jerin Faransanci da na wasu harsuna, babu na Hausa, duk da cewa a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ya fita daga hannunmu yana haɗiye ƙarshen kalma in yana karatu, yana kwafar jimla daga allo ya tsallake harafi mu ƙyale shi saboda aji ya cika, shi ne yau ake so ya gwada haruffa 42 ɗaya bayan ɗaya, kuɗin shanun ubansa na rataye a kan na ƙarshe. Na daɗe ina ɗaukar shifta da kwafi a matsayin tsofaffin darussa da zamani ya wuce. Na sake tunani.

Wani zai ce ai mafita ita ce a hana yaran. In ra'ayina ake tambaya, ba zan ba kowa shawarar ya sa kuɗin shanu cikin wannan harka ba. Sefa ce kaɗai kuɗin da doka ta sani a ƙasarmu, malaman addini sun saɓa a kan halaccin kirifto, kuma lalitar ƙarfe makulli kawai take tsarewa: ba ta hana farashi faɗuwa, ba ta kuma ceton wanda ya miƙa kuɗinsa da kansa ga masu alkawarin ninki, irin CBEX da ya rufe da dukiyar ɗimbin mutane a Najeriya a Afrilun 2025. Mai tukunyar wuri ma ba ɓarawo ne ya talauta shi ba. Sai dai duk wanda ya ga yadda samarinmu suka duƙufa suna dangwalar waya a 2024 saboda Hamster Kombat ya san hani ba zai yi nisa ba. Sun riga sun hau gadar, muna gida.

Da mako biyu suka cika, dattijon da ɗansa suka dawo. Na ce wa yaron tun da na'urar ta biyo ta hannun wani, kuma an riga an furta kalma ɗaya a gaban kwamfuta, sai mu goge ta mu fara daga farko. Wannan karon ba mu nemi komai ta injin bincike ba, adireshin da ke jikin kwali muka kwafa harafi-harafi. Na'urar ta tabbatar da kanta, ta fito da sababbin kalmomi, na juya baya na fita tsakar gida har ya gama rubutawa. Sannan muka gwada aika kwatankwacin jika biyu kacal. Da adireshin ya bayyana a ɗan allo, na sa shi ya karanta da ƙarfi ina bi a kwamfuta, kamar yana aji uku. Ya yi tuntuɓe sau biyu, ya koma baya. Uban na zaune a kan tabarma yana kallonmu, bai ce uffan ba sai da kuɗin suka iso.

"Mushe, ke nan in an sace wannan abin, dukiyar ba ta tafi ba?"

Na ce ba ta tafi ba, Baba, muddin takardar na nan kuma ɓarawon bai san lambar buɗewa ba.

"In kuma takardar aka gani?"

Na ce to ta tafi, ko da abin yana cikin aljihunsa.

Ya yi shiru ɗan lokaci. Sannan ya juya ga ɗansa ya ce kuɗin sa guda a fitar masa da su a mai da su sefa kafin kasuwa mai zuwa, karsana zai saya. Sauran ya ci gaba da juyawa, tun da ya ga da idonsa ana karantawa kafin a danna. Yaron ya buɗe baki zai yi bayanin farashi, uban ya miƙa hannu. Ba na'urar ya nema ba, takardar ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun ƴar cikinsa ya danne da tafin hannu. Ban tambaye shi inda zai kai ta ba, shi ma bai faɗa mini ba.